Yadda Ake Warkar da Ɗan Cin Rani da Sabon Batir

Idan ka bi abin da zan gaya maka, ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari kafin ruwan farko ya sauka babu uwar da za ta ƙara yarda da kunnenta tsakanin Ɗanbatta da Tsanyawa sai ta tambaye ka. Ba sai ka yi karatun asibiti ba. Ba sai ka ga majinyacin ba ma, kuma ya fi maka alheri kada ka gan shi.

Sunana Nababa, gyaran rediyo nake yi a gindin tsamiyar kasuwarmu. Na ƙware a wannan fanni ne a shekarun nan da damina ta yi ta yi mana rowa, rumbuna suka bushe har ɓeraye suka yi ƙaura, samari suka watse cin rani. Wasiƙa sai an nemi mai karantawa, shi kuma ya kwashe sirrin gida ya kai majalisa, don haka aka koma kaset. Mutum ya zauna a Ikko ya yi wa rakoda magana, ya ba direba ya kawo. Uwa kuwa ba labarin take saurare ba, ta san ɗanta ba zai taɓa ce mata yana jin yunwa ba. Muryar take saurare. To a nan abincinka yake.

Zan riƙa yi maka misali da Inna Hure ta unguwarmu. Mijinta Badaru ya rasu. Sunan ɗanta Tasi'u ya isa ya gaya maka yawan haihuwar da ta yi, amma biyu suka rage mata, shi da yayarsa Barira mai sayar da daddawa. Tasi'u yana Ikko yana dako. A rumbunsu abu ɗaya ya saura, damin irin gero mai saurin nuna, wanda marigayin ya zaɓa zangarniya-zangarniya da hannunsa. Sun ci tafasa, sun ci rama, sun sha garin rogo, ba su taɓa shi ba. In damin nan ya fita daga gidan, ruwa zai sauka ya tarar da gona babu abin sa mata.

Mataki na ɗaya: Bari wani ya fara kunna kaset ɗin

Kada ka yi gaggawa. Likitan da ya riga ciwo isa gida, ruwan sha kawai ake ba shi. Ka bari a fara jin kaset ɗin a rakodar unguwa. Kowace unguwa tana da irinta, tamu ta Mati ce, maƙwabcin Inna Hure. Tun da aka ƙara wa batir kuɗi Mati bai sake sayen sabo ba. Shanya tsofaffin yake yi a kan rufin ɗaki kamar kuɓewa, in sun sha rana ya ƙwanƙwasa su da dutse, ya mayar, ya yi bisimilla.

Riƙe wannan, shi ne tushen ilimin. Batir in ya yi sanyi, zaren kaset jan ƙafa yake yi. Zare in ya ja ƙafa, murya sai ta yi nauyi ta yi ƙasa, kowace kalma ta tsaya jiran 'yar'uwarta. Da irin wannan Inna Hure ta fara jin ɗanta. Abin da ya faɗa kaɗan ne: "Salamu alaikum Inna, Tasi'u ne. Ina nan lafiya ƙalau, aiki muna ta yi. A gaida Barira. Don Allah kada a taɓa irin nan, ina nan tafe kafin shuka."

Ta ji sau ɗaya ta ce a kashe. Ta ce, "Yaron nan a kwance yake."

Mati ya ce, "Haba Hure, ba ki ji ya ce lafiya ƙalau ba?"

Ta ce, "Na ji abin da ya ce. Na kuma ji yadda ya ce."

Nan take ta yanke shawara. Ranar kasuwa za ta sauke damin ta sayar, ta ba wani ɗan gari kuɗin mota ya je ya ɗauko mata ɗanta. Kafin nan aka ba ta shawara ta kawo mini in saurara. Ka ga yadda haƙuri yake kawo ciniki har gindin tsamiya.

Mataki na biyu: Gano amsar da ake so

A kowane gida akwai mai kaset, akwai kuma mai buƙata. Mai buƙatar zai riga mai kaset isowa, ya tsaya a gefe yana duba rediyon da ba zai saya ba. Shi za ka fara saurare.

Barira ce ta riga zuwa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta rage murya ta ce, "Yaya Nababa, Inna tana tafe da kaset ɗin Tasi'u. Don girman Allah ka sa ya warke."

Na ce, "Ke kin san lafiyarsa ƙalau ne?"

Ta ce, "Ina zan sani? Ni dai na san in ta sayar da irin nan, ko an kawo shi me zai shuka? Shi da bakinsa ya ce kada a taɓa."

Ta ajiye mini daddawa a ganye ta koma bakin tirenta. Abin da za a ba ka, ka karɓa kafin a kunna. Bayan an kunna kowa yana ganin da kunnensa ya ji, ya manta da naka aikin.

Mataki na uku: Kashe rakodar maƙwabci cikin ladabi

Kada ka zagi rakodar kowa, gari ƙarami ne. Tambaya kawai za ka yi: "A ta wa aka fara ji?" In an ce ta Mati, ka dubi ƙasa, ka ce "Allah Sarki," irin wadda ake faɗa a gidan gaisuwa.

Sannan ka yi aiki a gabanta. Naɗa auduga a tsinken ashana, tsoma a sifirit, goge inda zaren yake bi, ka nuna mata baƙin da ya fito. Ka ce, "Kin ga rabin ciwon nan." Ɗauko sabon batir ka yage ledarsa a hankali, yadda za ta ji ƙarar yagewar. Wannan ledar ma tana cikin maganin.

Da na danna, Tasi'u ya miƙe tsaye. Murya ta yi sama, kalmomi suna tuntuɓe da juna, "lafiya ƙalau" ɗin ta fito kamar ta mai shirin zuwa dandali.

Inna Hure ta karkata kai ta ce, "Ya yi sauri. Shi ba mai sauri ba ne, jinin babansu ya ɗauko."

Na ce, "Ikko ce, Inna. Can ko gaisuwa a guje ake yi."

Ka tanadi irin wannan amsa. Duk abin da uwa ta ji bai yi mata daidai ba, ka ɗora wa garin da ba ta taɓa zuwa ba.

Mataki na huɗu: Ciyar da shi da tulu

Uwa ba ta sallama da wuri. Ta sa na mayar baya na sake kunnawa, ta ce, "To ya tashi. Amma muryar ba ta da tsoka. Ba ya cin abinci."

Gaskiyarta, sai dai ba laifin yaron ba ne. Sifikar ƙaramar rakoda faɗinta bai wuce bakin kofin shayi ba, kaurin murya ba ya iya fitowa ta cikinta. Ko mahauci ka sa a ciki, da muryar tela zai fito. Kada ka yi mata wannan bayani. Ka ce za ka auna cikinsa.

Jawo babbar sifika da waya, ka kifa ta a bakin tulun da babu ruwa. Iskar cikin tulun za ta riƙe kaurin muryar ta yi ta juya shi, sai ka ji yaro ya yi ƙirji. Ga ma'aunin da na gwada a kan 'ya'yan mutane da dama. Ƙaramin tulu, ya karya kumallo. Babban tulu, yana samun shinkafa har da yanka ɗaya na nama. In ka matsar da tulun kusurwar bango, ya fara ajiye tumbi. Kada ka kai randa. Na taɓa ɗora wani yaro a kan randa, uwarsa ta ce tunda ya yi wannan ƙiba bai aiko da ko sabulu ba, ba ta yafe ba, sai da liman ya shiga tsakani.

Akwai kuma akasin wannan, don ranar da mai buƙata yake son a kira yaro gida. Kifa sifikar a kwanon sha, zai rame nan take. Sifika mai yagaggen kwali kuwa tari take ƙara masa, ko da bai taɓa mura ba. Ka ajiye guda ɗaya, kada ka gyara ta.

Babu na'urar da take miƙo murya yadda aka ba ta, kowacce da gishirin da take zubawa. Ni kaina ban san wacce ce ba ta da gishiri ba, don ban taɓa jin ta ba. Tasi'u dai na ɗora shi a babban tulu, Inna Hure ta daɗe tana kallon tulun.

Mataki na biyar: Faɗa musu abin da za su ji

Kafin ka danna, ka ce, "Ki kasa kunne wajen da ya ce a gaida Barira, akwai dariya a ƙarƙashi." Za ta ji dariyar. Wanda yake wucewa da jakinsa ma zai ji. Kunne bawan baki ne, inda aka aike shi nan yake zuwa.

Kuma duk muryar da kake son a zaɓa, ka ɗan ƙara mata ƙara, kaɗan, yadda ba za a lura ba. Ba za su ce ta fi ƙara ba. Cewa za su yi ta fi fita, ta fi lafiya, ta fi gaskiya.

Mataki na shida: In aka nemi adalci, ka riga kowa yarda

Labari zai kai wa mai tsohuwar rakoda cewa an ce Allah Sarki a kanta. Mati ya iso da tasa a hammata, ransa a ɓace, tare da Malam Iliyasu, dattijon da kowa ya yarda da kunnensa domin yana kama kuskuren karatu ta bayan katanga. Malam ya kawo shawara mai kyau. Ya ce ido yana ruɗin kunne, mutum in ya ga babbar rakoda sai ya ji babbar murya. A jera su biyun, a cire tulu, a rufe su da zane, a kunna ɗaya bayan ɗaya ba tare da kowa ya san wacce ba, sannan a faɗi wadda ta fi kawo muryar Tasi'u.

Ka yaba wannan shawara da babbar murya. Ka ba da naka zanen. Ka tuna dai hannun da yake ƙarƙashin zanen naka ne.

Na kunna tawa. Na kashe, na yi ta ƙwaram-ƙwaram a ƙarƙashin zane kamar ina sauya kaset, na tambayi Malam ko ya ga alamun hadari a gabas. Wannan hira tana da amfani. Kunne ba ya riƙe murya, kafin a gama zancen ruwa an manta ta farko, sai ra'ayin da aka yi a kanta. Sannan na sake kunna tawa, ita ɗin dai, na ɗan taɓa ƙara.

Malam Iliyasu ya shafa gemu ya ce, "Tsakaninsu akwai nisa. Ta farko tana da ƙura a maƙogwaro. Ta biyu ta fito da haruffa."

Mati ya buga cinya ya ce, "Ta biyun tawa ce! Da ita nake kwana da ita nake tashi, ko a kabari na ji ta zan gane."

Na ce a ƙara ɗaya don a tabbatar. Wannan karon na sa kaset ɗin a rakodar Mati da gaske. Tasi'u ya koma ya kwanta, yana jan sallama kamar ba zai kai ƙarshenta ba. Mati ya toshe kunne ya ce, "Kai Nababa, kashe gwangwanin nan naka, kada ka sa matar nan kuka."

Kada ka yaye zanen. Kowa ya samu abin da ya zo nema, Malam ya ji bambanci, Mati ya yi nasara. Ka bar su su tafi da shi.

Mataki na bakwai: Tambayar da za ka amsa da sauri

Yanzu zan gaya maka abin da ba a faɗa a gindin tsamiya. Duk wannan gwaji a kan rakodar da take kunnawa ake yi. Amma akwai wata rakodar, wadda yaron ya yi wa magana a can, ita ma da nata batir. In nata ya yi sanyi lokacin ɗauka, zaren ya tafi a hankali, to ka kawo shi nan ka sa masa sabon batir, zai ruga fiye da yadda aka ɗauka, mai nishi ya koma mai tsalle. Ba ka ga waccan rakodar ba. Ba ka san ɗakin da aka ɗauka ba, ko a tsaye yake ko a kwance. Ko dattawan ƙasar Kano duka ka tara a ƙarƙashin zane, abin da za su iya faɗa shi ne wadda ta fi yi musu daɗi. Wadda ta fi kama da mai muryar kuwa sai an kawo shi an tsayar a gefe, in kuma an kawo shi ai an gama da kai.

Da mutane suka watse, Inna Hure ba ta tashi daga benci ba. Ta riƙe kaset ɗin da hannu biyu ta ce, "Nababa, ɗan nan, tsakaninka da Allah, wacce ce tasa?"

Na fara gyaran murya, ta katse ni. Ta ce, "Da safe na san muryarsa, tun yana goye na san ta. Yanzu na neme ta a kaina, tulunka kawai nake ji."

Maganar ta taɓa ni, ba zan ɓoye maka ba, har daddawar nan ta fita daga raina. Amma Barira tana tsaye a bayanta tana kallona, sana'a kuma ba a yin ta da rawar baki. In ka yi jinkiri daidai da numfashi ɗaya, ka rushe aikin yini guda.

Na ce, "Ta tulu ce, Inna."

Ta ce, "To Alhamdu lillahi." Ta ƙulle kaset ɗin a gefen zane ta tafi. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, damin yana rumbu.

Mataki na takwas: Ranar da mai muryar zai dawo, ka samu aiki a wani gari

Ni ban samu ba, shi ya sa nake gargaɗinka. Hadari ya fara haɗuwa, mutane suna gyaran sungumi, sai ga motar goro ta tsaya a bakin hanya da hantsi. Mutum biyu suka sauko da Tasi'u daga saman kaya, ɗaya a kowace kafaɗa. Rigarsa kamar an rataye ta a ƙusa. A zaure ya tattara ƙarfinsa ya yi sallama, a hankali, kowace kalma tana jiran 'yar'uwarta.

Inna Hure ta fito ba takalmi. Ba ta ce sannu da zuwa ba. Cewa ta yi, "Ita ce. Ta gidan Mati ce."

Waɗanda suka kawo shi suka ce tun tsakiyar rani yake kwance. A kwancen ya yi kaset ɗin, da rakodar wani maigadi ɗan ƙasarmu, wanda shi ma a rana yake shanya batir. Sanyin can da sanyin nan suka haɗu suka daidaita, sai ya zama gwangwanin Mati ne kaɗai ya faɗi gaskiya a duk faɗin garin. Mati bai sani ba har yau, don yana kan bakansa cewa ta biyun ce tasa.

Da yamma dattawa suka je dubiya. Tasi'u ya amsa gaisuwa daga kan tabarma. Da suka fito Malam Iliyasu ya ce da Mati, "Allah ya ba shi lafiya. Amma ka lura, muryar nan ba ta kai ta kaset ba." Mati ya ce shi ma ya lura.

In aka tare ka da zancen, ga amsarka. Da an bi rakodar Mati, da an sayar da iri. Da ka yi aikinka, ga yaro a gida, ga dami a rumbu, ga hadari a gabas. Ka faɗi wannan da ƙarfi, ka ɗan ƙara ƙara, za a ce ya fi gaskiya.

Sanarwa

Ni Nababa rediyo nake gyarawa, ban taɓa cewa ni malamin asibiti ba ne. Duk wanda ya bi matakan nan ya bi su da ƙafarsa. Ban ɗauki alhakin tulun da ya fashe ba, ko zaren da rakoda ta tauna, ko yaron da ya dawo da muryar da ba ta dace da kaset ɗinsa ba. Ban ɗauki alhakin makonnin da wani ya yi a kwance a garin mutane ba, ni ban gan shi ba, murya aka kawo mini.

Haka nan ban ɗauki alhakin abin da ya faru washegari ba. Mai kemis ya duba Tasi'u ya ce allura ba za ta kama jikin da babu komai a ciki ba, a samu kunun gero a riƙa ba shi. Da safe ina ɗaure akwatin kayana a keke, sai na ji turmi daga gidan Inna Hure. Sussuka ce, irin ƙarar da zangarniya take yi in taɓarya ta sauka a kanta, wadda unguwarmu ta daɗe ba ta ji ba. Na ji Barira ta katanga tana cewa, "Inna, ki rage ko kaɗan. Inna, ruwa ya kusa." Taɓaryar ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Wannan ƙarar ba ta cikin darasinmu. Ba ta bi ta batir ba, ba ta bi ta tulu ba, kuma kowa a unguwar ya san abin da ake sussukawa. Babu wanda ya zo ya tambaye ni.